Batirin motar ƙungiya da takardar sallamar da ban miƙa ba



Waɗanda suka halarci taronmu na ƙarshen wata sun ji bayanin da na yi a kan motar ƙungiya. Da yawa kuma ba su samu zuwa ba, labari ya riƙa isa gare su gutsi-gutsi, har na ji ana cewa an kama direba da batir amma an yafe masa. Ba haka aka yi ba. Shi ya sa na nemi izinin Shugaba in rubuta abin da ya faru tun daga tushe, domin a wanke wanda ya kamata a wanke, kuma masu bas da masu inbata a gida su ɗauki abin da zai amfane su.

Ga waɗanda ba su san motar ba, shekara uku ke nan da muka haɗa kuɗi muka sayo ta a Legas. 'Yar Beljiyam ce, irin wadda Turawa ke tafiya hutu da ita su kwana a ciki. Tana da gado, da ƙaramin firji, da fitilu, da famfon ruwa, mu kuma muka ƙara mata fanka biyu. Rubutun da ke jikin allon makunnanta duk Jamusanci ne, babu wanda ya taɓa karanta shi a cikinmu. Gadon ne ya sa muka saye ta. Duk wanda ya taɓa rakiyar tsoho ko mara lafiya daga Badun zuwa Kabi ko Sakkwato a bas ɗin haya, ya san irin wahalar da ake sha.

Wata biyu da suka wuce, direbanmu ya kira ni da asuba daga Mokwa. Ya ɗauki wani dattijo mai ciwon suga da iyalinsa za su Jega. Sun tashi a makare, sun bi ta Oyo da Ogbomosho da Ilori, sun haye gadar Jebba bayan magariba, sai suka ga gara su kwana a Mokwa. Allurar dattijon tana cikin firji, saboda haka direba ya bar firjin a kunne tare da fankoki. Wajen ƙarfe uku na dare fankoki suka fara tafiyar hawainiya, fitila ta yi ja, daga nan komai ya ɗauke. Da ya murɗa makulli, ko tari motar ba ta yi ba. Ga zafi, ga sauro, ga mara lafiya. Sai da gari ya waye suka samo ƙanƙara suka adana allurar, wani direban tirela kuma ya taimaka ya tayar musu da motar. Allah ya sa mutumin ya san aikinsa. Wutar tirela bolt 24 ce, batura biyu ne a haɗe, sai ya jona musu daga guda ɗaya kawai. Da ya ba ta duka biyun, da an yi ɓarnar da ta fi wadda ake gudu. Dattijon ya isa gida lafiya, amma iyalinsa sun yi ƙorafi, kuma suna da gaskiya.

Abin da ya tayar da hankalin kwamiti shi ne wannan batirin bai fi wata huɗu da saye ba, kuma shi ne na uku da muka saya cikin shekara ɗaya da 'yan watanni. A wajen zaman gaggawa wani ya ce ya sha ganin direba da dare ɗauke da batir a kan babur. Wani ma ya ce ya gani. Daga nan magana ta tafi: ko dai yana musanya sabo da tsoho, ko kuma yana kai shi gida yana cajin wayoyin mutane yana karɓar kuɗi. Aka yanke a sallame shi, aka ce sakatare ya rubuta takarda. Na rubuta a daren, na sa a ambulan, na jefa a jaka.

Abin da ya hana ni miƙawa ba tausayi ba ne, lissafi ne. Difiloma ta a fannin akanta take, ban san komai a kan wutar mota ba. Amma da na buɗe littafin kashe kuɗi sai na ga baturan uku ba iri ɗaya ba ne: ɗaya na baya ne, biyu na gaba. Kuma kowanne na sa masa alamar fenti da hannuna ranar da aka saya, alamar tana nan a jikin wanda ya mutu a Mokwa. In musanya aka yi, ta ina fentin ya bi? Na roƙi Shugaba ya ba ni mako ɗaya.

Wani ɗan uwa ya kai ni wajen wani tsohon mai wayarin kusa da Mokola. Bayarabe ne ɗan Ogbomosho, amma a Jos ya tashi, Hausarsa ta fi ta wasu 'ya'yanmu da aka haifa a nan Sabo. Na tafi da direba, bai san abin da ke cikin jakata ba. Na fara da cewa batir muke so ya duba mana ko jabu ne. Ya yi dariya ya ce, "Sakatare, kai da kake riƙe da kuɗin jama'a, in asusu ya ƙare me kake fara dubawa?" Na ce abin da ya shigo da abin da ya fita. Ya ce, "To batir ma asusu ne. Ku kullum asusun kuke fasawa ku sayo sabo."

Ya fara yi mini bayanin abin da ya kamata in sani tun ranar da muka sayi motar. Irin wannan mota batir biyu gare ta, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne. Na gaba na tayar da inji ne. An yi shi ya ba da wuta mai yawa cikin daƙiƙa kaɗan, daga nan altaneta ta mayar masa. Ba ya jure a zuƙe shi ƙarƙaf, in aka yi masa haka sau da yawa ya tafi ke nan. Na baya shi ne na ɗakin kwana, farantan cikinsa sun fi kauri, an yi shi ya riƙa ba da wuta kaɗan-kaɗan na tsawon awoyi, kamar batirin sola. Shi ma ba a son a sha fiye da rabinsa kafin a sake cika shi. Tsakaninsu akwai wani ɗan makunni mai sarrafa kansa da ake kira rile. In inji ya tashi, altaneta na aiko masa da wuta ta wata siririyar waya, sai ya haɗa baturan biyu su yi caji tare. In an kashe inji sai ya raba su, domin duk abin da aka kunna a baya kada ya taɓa na gaba. Ma'ana, da motar tana yadda aka ƙera ta, ko da fanka ta shanye batirin baya a Mokwa, da injin ya tashi da safe.

Sai ya ɗauko mita. Ya ce batir mai bolt 12 ɗaki shida gare shi, kowanne yana ba da bolt 2.1 ko kusa da haka. In ya cika kuma ya huta na wasu awoyi, zai nuna 12.6 zuwa 12.7. In ya nuna 12.2, rabi ya rage. In ya sauko 12.0, saura kaɗan. In kuma an yi masa caji amma ya tsaya wajen 10.5, alama ce ɗaki ɗaya ya mutu. Ni da na ɗauka duk abin da ya kai 12 lafiya lau ne, sai na ga ashe tsakanin cikakke da wanda ya kusa ƙarewa ko bolt ɗaya babu. Na gabanmu ya nuna 12.3. Na baya ya nuna 10.4.

Ya sa direba ya tayar da inji. Na gaba ya hau 14.2. Ya ce duk abin da ke tsakanin 13.8 da 14.4 yana nufin altaneta na aikinta, saboda haka mu bar zarginta. A nan direba ya ce ai an taɓa gwada ta, wani ya cire kan batir inji na aiki, motar ba ta mutu ba. Baba ya riƙe kai. Ya ce wannan gwajin na zamanin da ne, a motar yanzu wutar kan yi tsalle nan take ta ƙona altanetar ko kwamfutar motar, kada mu sake yarda a yi mana shi. Sai ya ɗora mita a kan batirin baya, inji na aiki. Yana nan a 10.4, ko motsi. Wato babu ko ɗigon caji da ke zuwa masa.

Rilen yana ƙarƙashin kujera. Ya sa aka kashe inji aka sake tayarwa, ya kasa kunne, babu ƙarar "ƙas" da ya kamata a ji. Ya duba fiyus ɗin da ke kusa da kowane batir, lafiyarsu ƙalau. Ya ba rilen wuta kai tsaye, sai ga ƙarar. Rilen ma lafiyarsa lau. Saura siririyar wayar da ke zuwa daga altaneta. Ya bi ta taku-taku har cikin bonet, a wani mahaɗi ya same ta ta yi tsatsa kore shar, ta tsinke a cikin robarta yadda ido ba zai gani ba. Wayar da ba ta kai kaurin tsinken ashana biyu ba, ita ce mafarin komai. Tun da ta tsinke batirin baya bai sake samun caji ba. Na Turai ya mutu, muka ce tsufa ne. Muka sayi sabo, ya ba da cajin da ya zo da shi, ya zauna babu wuta wata da watanni har farantansa suka daskare, shi ma ya bi sahu. Da Baba ya duba jikinsa ma sai ya ce na tayar da inji muka saya, ba na ɗaki ba, don ya fi araha.

Wannan ya amsa tambayar abin da ke shigowa. Saura abin da ke fita. Ya kashe komai, ya cire makulli, ya rufe ƙofofi, ya cire baƙin kan batirin gaba, ya sa mita tsakanin kan da wayarsa, ta yadda duk wutar da ke fita sai ta bi ta cikin mitar. Ya gargaɗi direba kada ya kuskura ya murɗa makulli a haka, mitar za ta ƙone. Ya ce motar da ke tsaye ba ta rasa ɗan shan wuta saboda agogo da rediyo da kwamfuta, amma bai kamata ya wuce amfiya 0.05 ba. Tamu ta nuna 0.9. Ya miƙo mini biro ya ce in yi lissafi tunda aikina ne. Amfiya 0.9 sau awa 24 ya ba da kusan 22 a kwana ɗaya. A jikin batirin an rubuta 90Ah. Motarmu kuwa takan yi kwana huɗu ko biyar a tsaye tsakanin tafiya da tafiya. Kwana huɗu ya ba da 86. Ban buƙaci a ƙara mini bayani ba.

Ya shiga zare fiyus ɗaya bayan ɗaya yana kallon mita, domin wanda aka zare lambar ta faɗi, a layinsa ɓarawon yake. Ya zare duka, lambar ba ta motsa ba. Ya ce to ɓarawon bai bi ta ƙofa ba. Ya koma kan jan kan batirin, sai ga wata jar waya da ba ta kamfani ba ce, an naɗa ta a jikin noti. Ya cire ta, mita ta faɗo 0.03. Muka bi wayar. Ta ratsa ta wani rami da aka huda a ƙasan motar, ta bi ta ƙarƙashin gado, babu fiyus ko ɗaya a kanta. A bakin ramin ƙarfe ya goge robar har an fara hango jan ƙarfen ciki. Baba ya nuna mini wurin da yatsa ya ce, "Ranar da wannan ya taɓa jikin mota, wayar za ta yi ja kamar garwashi, babu abin da zai yanke ta. Wa ke kwanciya a kan gadon nan?" Ban iya amsa masa ba.

Ya tambayi wanda ya ja wayar. Direba ya yi shiru yana kallon ƙasa. Ni ne na san amsar. Shekara guda da rabi da ta wuce mun kai amarya Kwantagora, ina cikin tafiyar. Bayan Jebba fankoki suka tsaya, mata suna ta ƙorafin zafi. Muka tsaya wajen wani mai gyara a bakin hanya, ya ce batirin baya ya mutu. Na ce masa ya yi duk yadda zai yi fanka ta juya, muna sauri. Cikin minti ashirin ya ɗauke layin fanka da fitilu da firji ya mayar kan batirin gaba. Fanka ta juya, kowa ya sa masa albarka, na biya shi, na rubuta "gyaran waya" a littafi. Bayan wata biyu muka sayi inbata don cajin wayoyi da lasifikar taro, aka jona ta a kan wannan layin, aka tura ta bayan kujera. Makunninta na baya, ba wanda ke kashe ta. Inbata kuwa ko ba a jona mata komai ba tana shan wuta muddin tana kunne. Ita ce mai 0.9 ɗin nan.

Daren Mokwa ma ya fito fili. Irin wannan firji yana aiki da gas ko wutar gida ko batir, kuma a kan batir yana jan kusan amfiya 10. Shi ya sa masu ƙera motar suka tsara kada ya sha batir sai inji na aiki. Jar wayar ta rushe wannan tsarin. Firji da fankoki da fitila da inbata sun kai amfiya 14 a haɗe. Daga ƙarfe goma zuwa uku awa biyar ne, wato 70 daga batirin da dama ya riga ya jigata.

A hanyar dawowa na tambayi direba maganar batir a kan babur. Ya ce, "Yallaɓai, ai na gaya maka sau biyu motar nan tana shan wuta a tsaye, ka ce in daina kawo dalili." Na tuna, haka aka yi. Da ya ga ba a saurare shi ba, sai ya riƙa cire batirin duk lokacin da aka sanar da shi tafiya, ya kai wa mai caji da dare, ya dawo da shi da asuba, don kada a zo ɗaukar mara lafiya mota ta ƙi tashi. Daga aljihunsa yake biya, wata bakwai. Abin da aka gani aka kira sata ke nan. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na wani, har na zauna na rubuta masa takardar sallama.

Gyaran bai ɗauki yini ba. An sa sabuwar siririyar waya, an cire jar wayar gaba ɗaya, an mayar da kayan ɗaki kan batirin baya, an sayo masa irin wanda ya dace. An sa wa inbata fiyus dab da batir da makunni a inda ido ke gani. An wanke kawunan batura da ruwan zafi, an goge, an ɗaure, an shafa giris. Da aka tayar da inji muka ji "ƙas", batirin baya ya hau 13.9. Baba ya kuma nuna mana wani shuɗin soket a gefen motar da muka shekara uku muna zaton na ado ne. Ashe na jona wutar gida ne, akwai caja a ciki. Wutar Turai bolt 230 ce kamar tamu, saboda haka NEPA ko janareta duk suna yi. Abin da aka kashe gaba ɗaya, ban da sabon batir, bai kai rabin kuɗin batir ɗaya ba.

A wajen taro na karanta waɗannan lambobi, na nuna jar wayar da shafin littafin da ke da rubutuna, na fito da ambulan na yaga a gaban kowa. Na nemi gafarar direba, waɗanda suka yi maganar babur su ma suka nema. Kwamiti ya amince a mayar masa da kuɗin cajin da ya kashe. Ya ce ya yafe, amma na lura har yau bai sake zama shan shayi da mu ba bayan taro. Ban ga laifinsa ba. Kuɗi an mayar, sauran kuma sai a hankali.

Yanzu akwai mita da ɗan littafi a cikin motar. Kafin kowace tafiya ana rubuta lamba huɗu: batirin gaba da na baya inji a kashe, sannan inji na aiki. In mota za ta kwana a hanya da magani, ana sa shi a kula da ƙanƙara, ko a nemi inda za a jona shuɗin soket. Ba a ƙara wata waya sai da fiyus kusa da batir, kuma in fiyus ya ƙone ba a cusa waya ko takardar sigari a gurbinsa, sai an gano abin da ya ƙona shi. Mai cire batir ya fara da baƙin kai, in zai mayar ya ƙare da shi, kuma ba a kunna ashana ko sigari kusa da batirin da ke caji, domin iskar da yake fitarwa tana kamawa da wuta. Batirin da ake buɗewa a riƙa duba ruwansa, zafin ƙasarmu na saurin ƙafar da shi, kuma ruwan batir ake ƙarawa, ba na rijiya ko asid ba.

'Yan uwa masu bas da masu Keke da masu sola a gida, in batir ya mutu muku sau biyu a jere, kada ku sayi na uku sai an auna abin da ke shiga da abin da ke fita. Mitar ƙungiya tana ofis, duk mai buƙata ya zo bayan la'asar, ni ko direba za mu nuna masa yadda ake ɗora ta. Shi ya fi ni iyawa.

Allah ya kiyaye mana hanya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Sakataren ƙungiya